Garin Sabara

"Cire hiramin nan, Nuruddeen."

"Haba Mu'minat, ko ruwa ba ki sha ba..."

"Na ce ka cire!"

A hankali ya warware shi daga wuyansa. Warin ne ya fara dukanta, sannan idonta ya gani. Ɗan gyambon da ta bari a bayan kunnensa ya ci har wuya, an cushe shi da wani koren gari.

Nuruddeen zabiya ne, malamin firamare a Gwiwa, rana ta daɗe tana cin fatarsa. Tun bara likita ya ce ciwon dajin fata ne, a yanke tun yana ƙarami, ko da kunnen zai tafi. Ya yi mata alkawarin zai je, ita kuma ta koma jami'a hankali kwance.

"Mene ne wannan ka zuba?"

Ya yi murmushi kamar yaron da ke jiran yabo. "Maganinki ne, masoyiyata. Sabara."

Ta sake duban koren garin. Lallai ita ce ta taɓa ba shi labarin bincikenta, da ɗoki irin na ɗalibi: akwai sinadari a ganyen sabara da take gwadawa, yana toshe saƙon da ke sa ƙwayoyin daji su yi ta hayayyafa.

"A cikin kwanon gwaji, Nuruddeen! Ko a jikin ɓera ban gwada ba!"

"Lauwali ya ce kin gano maganin, kunya ce ta hana ki faɗa. Ya ce Babanki da ke ƙyamar zabiya, yaya zai yi da zabiya mai kunne ɗaya?"

Lauwali, ɗan kawunta, wanda ya daɗe yana sonta tana ƙi. Shi ne ma ke kawo ganyen a babur, wai zumunci. Mugu kenan, ya san ba abin da Nuruddeen zai ƙi matuƙar da sunanta a ciki.

"Na so in zo gaban Baba cikakken mutum," Nuruddeen ya faɗa, idonsa a ƙasa.

"Ni ba kunnenka nake so ba..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Washegari ta kai shi asibiti a Kano. Likitan ya daɗe yana duba hoton da aka ɗauki wuyan, ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi.

Ta koma Kazaure ta durƙusa a gaban mahaifinta, Alhaji Maikasuwa, ta zayyana masa komai.

"Baba, don ya burge ka ya ƙi wuƙar likita. Ba ya da sauran kwana da yawa. Ka ba shi ni, don Allah."

Tsohon ya yi ta jan carbi. Can ya share ido da hannun riga.

"Ki gafarce ni, 'yar nan. A kira liman."

Ranar Juma'a aka ɗaura auren. Ta zauna a bakin gadonsa na asibiti, ta riƙe hannunsa karo na farko.

"Matata..." ya ce da ƙyar, yana maimaitawa, kamar ba ya son kalmar ta ƙare.

"Na'am, mijina."

Bai ga Juma'ar gaba ba.

A ɗakin mahaifiyarsa a Gwiwa Mu'minat ta yi takaba, takabar mijin da ko ruwan shayi ba ta taɓa dafa masa ba.