Takalman Mai Tari

Man shafawa na fita saya wa ɗana Auta ranar. Rana ta yi ja, hadari ya haɗu tun la'asar, sai na ce bari in biya ta rumfata in ɗaure bakin buhuna kafin ruwa ya sauko.

Takalman gwanjo nake sayarwa, da safa da igiyoyin takalmi. Mijina ya rasu ya bar mini rumfar da ɗa guda, ban kuma nemi taimakon kowa ba har na raine shi. Duk layinmu an san ni. Ba a taya mini kaya a tafi ana dariya. Kuma tun da nake ban taɓa ba mutum gyara ba, ko da zare ne. Abin da aka yi ciniki a kai, shi za a ɗauka.

Auta soja ne. Lokacin bai daɗe da dawowa daga fagen yaƙi ba. Ya tafi da kumatu, ya dawo kamar sandar rake da aka tsotse. Ba ya son haske, ba ya son a buga ƙofa. A kusurwar ɗaki yake zama, bayansa jingine da bango, yana susa.

Idan bakinsa ya buɗe, zancen rami yake yi. Ya ce rami suka haƙa mai tsawo, suka jera buhunan yashi a bakinsa, a ciki suke ci, a ciki suke kwana, a ciki suke komai. Ruwa har gwiwa, ba ya janyewa. Wanda ya ɗaga kai don ya miƙe baya, harsashi ya gaishe shi. Kwarkwata a ɗinkin riga, sai su bi ɗinkin da wutar ashana tana fashewa ƙas-ƙas. Ɓeraye sun ƙoshi har ba sa gudun mutum. Abinci a gwangwani, da sanyinsa, mutum na ci yana tsince taɓo.

"Amma duk wannan wasa ne, Inna," in ji shi. "Ƙafa ce abin tsoro. Harsashi sau ɗaya yake kashe ka. Ruwa kuwa yatsa-yatsa yake cin mutum."

Shi ya sa takalmi ya fi bindiga daraja a wurinsu. Idan mutum ya mutu kuma wuta ta hana a fitar da shi, sai su ƙwaƙule bangon rami su cusa shi, su toshe da laka. Mai buƙata ya ɗauki takalmansa. Sai dai akwai doka, wadda wani tsohon saje ya kafa musu: ka cire nasa, ka sa masa naka. Ko sun yage, ko ba su da dunduniya, ka sa masa. Ya ce ƙarƙashin ƙasa da masu ita, tun kafin a zo da shebur suna nan, kuma duk gawar da aka bari ba takalmi, su suke shiga cikinta su fito nema.

Akwai wani a cikinsu da suke kira Mai Tari, don tarinsa ba ya barin kowa barci. Shi ke da takalman da suka fi na kowa. Da ya mutu, Auta ya riga kowa.

"Ka sa masa naka?" na tambaye shi.

Ya buɗe jakarsa ya zaro tsofaffin, ya ajiye a gabana. "Na tuna maganarki. Kin ce abin da zai sayu ba a yar da shi."

Na ce Allah ya yi masa albarka. Na wanke su, na kai wa mai gyaran takalmi ya buga musu ƙusa, kafin azahar wani baƙo ya saye su ya hau mota.

Na Mai Tari kuwa suna ƙafar Auta. Ƙafafun sun kumbura a ciki, takalma sun ƙi fita. Da su yake kwana. Maƙwabciyata ta ce a sa reza a tsage su. Na ce mata ba ta san fata ba. Fata irin wannan ba a sa mata reza. Kumburi zai saɓe, a zare su lafiya, su yi kuɗi. Man da na fita saya ke nan.

Na iso rumfa, layi ya watse. Mai shayi ma ya kwashe bencinsa. Ba kowa sai ledoji da iska ke ja a ƙasa.

A bayan rumfata akwai lambatu, babba, mai zurfi, wanda ruwan kasuwa ke bi. Ranar ba a yi ruwa ba tukuna. Amma ina jin motsin ruwa a ciki.

Na sunkuya ina ɗaure buhu. Wani wari ya taso. Ba warin kwata ba ne, wannan na saba da shi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, da hayaƙin ashana, da wani abu mai zaƙi-zaƙi kamar naman da ya kwana a leda.

Sai aka yi tari.

Tari mai nauyi, daga can cikin ƙirji, kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe.

"An tashi," na ce, ban juya ba. "Sai gobe."

"Inna mai takalmi."

A hankali ya faɗa, kamar mai tsoron kada a ji shi daga nesa. Na juya.

Yana tsaye cikin lambatun, ruwa ya kai masa ƙugu. Rigar soja ce a jikinsa, laka ta cinye launinta. Kansa a duƙe yake, ƙasa da bakin lambatun, irin na wanda ya saba kada ya ɗaga. Laka ta toshe masa kunne ɗaya. Idanunsa a buɗe, amma ƙasa ce a ciki.

Ya ɗago ƙafa ɗaya ya ɗora a bakin siminti. Fara fat, ta yamutse kamar wankin da aka manta a baho. Ba farce ko ɗaya.

"Na zo karɓar musayata," ya ce.

Na lalubi addu'a, ta ɓace mini.

"Na... na sayar da su."

"Na sani."

Na jawo buhu, na zazzage. "Zaɓi. Ga na fata, ga na roba. Duk wanda ya yi maka."

"Ba nawa ba ne." Ya yi tari, taɓo ya zubo ta gefen bakinsa. "Nawa na ƙafar ɗanki. Abin da ke cikin takalmi kuma na mai takalmi ne. Da shi zan tafi. Akwai wuri kusa da ni a bango."

Ruwan ya ƙaru. Ina ganinsa yana hawa siminti.

Amma Mai Tari ya yi kuskure guda: ya faɗi farashi. Ni kuwa ko a kan gadon mutuwa aka faɗa mini farashin farko, bakina ya san amsarsa.

"Albarka," na ce.

Kansa ya karkata.

"Albarka. Mutum sukutum a kan takalmin da ya sha ruwa? Ka yi maganar da za a ji."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa. Ban sani ba ko dariya ce.

"Daga wuya zuwa ƙasa. Ki riƙe kan."

"Albarka."

"Daga ƙugu."

Ruwan ya taɓa yatsuna. Sanyinsa ya huda ni har haƙori. Ban ja da baya ba, don mai sayarwa ba ya ja da baya.

"Kai da bakinka ka ce abin da ke ciki," na ce. "Takalminka a ina ya tsaya? A saman idon sawu. Abin da ke sama da nan ni na haife shi, ba ka da ko tsinke a ciki."

Iska ta tsaya. Ledojin ma suka daina motsi.

"Idon sawu," ya ce.

"Na sallama."

Na ji kalmar ta fita daga bakina kamar ƙaya. Amma na sallama, kuma kowa ya san na ci wannan cinikin.

Ya sauke ƙafarsa cikin ruwa. Ya juya zai tafi. Sai ya tsaya, ya dubi tarin safa da ke kan teburina.

"Gyara fa, Inna?" Muryarsa ta koma ƙarama. "Safa guda. Busasshiya. Sanyi nake ji."

Suna nan a gabana, tuli.

"Ba na ba da gyara."

Ban yi tunani ba. Abin da nake gaya wa kowa ke nan.

Ya daɗe yana kallona da idanun nan na ƙasa.

"To," ya ce. "Zan riƙa ɗiba da hannuna."

Hannu ya fito daga ruwan ya cafke mini ƙafa.

Na yi ihu, ba murya.

Na fizge. Silifas ɗina ya tafi da shi.

Na ruga.

A bayana tari, tari, tari, yana bin lambatun, yana tafiya daidai da ni a ƙarƙashin titi. Da na sha kwanar gidanmu sai na ji ya riga ni.

Ƙofa a rufe take yadda na bar ta. Na tura. Tsakar ɗaki ruwa ne da laka, ga sawu ya shiga, sawun ƙafa tsirara. Wanda ya fita kuwa sawun takalmi ne.

Auta na kusurwarsa. Ba takalmi a ƙafarsa. Daga idon sawu zuwa ƙasa baƙi ƙirin, kamar itacen da wuta ta ci ta bari, an ja layi daidai kamar da zare.

"Ya zo, Inna," ya ce. "Ya ce kun gama magana."

A asibiti suka yanke duka biyun. Likita ya yi ta faɗa, wai me ya sa ba a tsage takalman tun farko ba. Na bar shi ya yi. Bai san da wa na yi ciniki ba.

Ciwo ya warke sumul. Na saya masa keken guragu, na ce an wuce wurin.

Da damina ta kewayo, ranar ruwan farko, na ji tari a bayan ɗaki. Da safe baƙin ya hau taƙi guda a saman dungulmin. Suka ƙara yankewa. Damina ta gaba, suka yanke a ƙasan gwiwa. Ta bayanta, gwiwar ma ta tafi.

Na kai safa bakin lambatu. Ba guda ba, ƙulli guda, sababbi, ba gwanjo ba. Aka kwana ana ruwa. Da safe na same su yadda na ajiye, a bushe ƙayau, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Auta ba ya zancen rami yanzu. Ba ya zancen komai. Idan na kai masa abinci sai ya dube ni ya ce, "Safa guda, Inna." Shi ke nan maganarsa.

Mutane na cewa abin da suke so. Ni dai na san mutum sukutum aka nema, na tsayar da ciniki a idon sawu. A nuna mini uwar da za ta iya haka da abin da ya fito daga ƙasa.

Yanzu ni ce ƙarshen tashi a layinmu. Kowa ya watse, ina zaune a bayan rumfa, fuskata na kallon lambatu. Jira nake ya fito mu sake zama, don ba a taɓa rufe ciniki da ni a haka ba. Bai fito ba har yau.

Jiya hadari ya haɗu a gabas. Da na koma gida na tarar da Auta ya yaye zane, ya ɗora hannu a kan abin da ya rage na cinyarsa, yana aunawa da taƙi.