Kekuna Biyu a Ƙarƙashin Bene

Kojo, mai kula da wani bene a unguwar Mount Hope, shi ya fara ganin ɓarnar da safiyar Asabar. A ɗakin ajiya na ƙarƙashin benen, kekuna biyu na doguwar tafiya suna kwance, an raba gangar jikin kowane biyu da zarton ƙarfe.

Rukaya, jami'ar bincike ta 'yan sanda, ta iso ta tarar da masu kekunan. Tamimu, ɗan Nijar, yana tsaye yana huci. Latif, ɗan Zangon Kumasi, yana zaune kan bokiti ya haɗa kai da gwiwa. Dukansu 'yan ci-rani ne, kai abinci gida-gida suke yi a unguwar Harlem.

"Jibi za mu tashi, 'yar'uwa," in ji Tamimu. "Mu sauka birnin Bankok, mu hau keke mu ratsa gonakin shinkafa har Kambodiya, mu ga tsofaffin wuraren bautar nan na dutse a Angkor, waɗanda saiwoyin itatuwa suka naɗe. Shekara da shekaru muna haɗa kekunan nan, ƙarfe bayan ƙarfe. Dubi yanzu."

Rukaya ta durƙusa. Ba a ɓalle kwaɗon ƙofa ba. Ba a ɗauki jaka ko fitila ba. Keken Tamimu yanka ɗaya aka yi masa, a karkace, da ƙarfi. Na Latif kuwa, zarton ya ci ƙarfen a wurare da dama kafin ya ratsa, kuma babu sirdi a kansa.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Latif, da Kojo," in ji Tamimu.

Ta fara da Kojo. Ya ɗaga mata hannunsa na dama, naɗe da filasta har gwiwar hannu.

"Madam, ko burodi ba na iya yankawa. Jiya da safe na ga kekunan lafiya lau, sai na tafi asibiti."

Ta duba takardar asibitin, ta sallame shi.

Ta hau sama wajen Ama, matar Tamimu, wadda duk benen ya san ba ta son tafiyar.

"Gaskiya ne, ba na so," in ji Ama. "Zafi, sauro, manyan motoci. Amma jiya tun asuba ina unguwar Stapleton wajen tsohuwar da nake jinya, can na kwana. Ga lambar 'yarta, ki kira."

Rukaya ta kira, aka tabbatar.

"Shirin tafiyar tasu ya kammala?" ta sake tambayar Ama.

"Na mijina dai. Allurar rigakafi ma shi kaɗai ya je. Duk abin da ya ce su yi tare, sai Latif ya ce ai shi ya riga ya yi."

Rukaya ta nemi ganin ɗakin Latif. Ya kai ta ba musu, Tamimu na biye. Taswirar ƙasashen tana manne a bango, an bi hanyar da jan biro. Babu jaka ko ɗaya a ɗaure. Kan taga ga sirdin fata, ya sha hawa har ya yi baƙi.

"Malam Latif, yaushe ka cire wannan?"

"An kwana biyu. Mai zan shafa masa."

"Kojo ya ce jiya da safe kekunan lafiya lau suke. Na tambaye shi sirdin, ya ce har jakarsa ya rataya a kai."

Rukaya ta miƙa wa Latif hannu.

"Nuna mini fasfonka."

"Me ya haɗa fasfo da keke?" in ji Tamimu.

"Ɓarawo ba ya barin kaya, Malam Tamimu. Mai ƙiyayya kuma ba ya tsayawa kwance sirdi da sifana don kada ya lalace. Wanda ya yanke keken Latif sonsa yake yi. Ya ɗora zarto ya ɗaga, ya sake ɗorawa ya ɗaga. Naka ne bai yi wa jinkiri ba."

Latif ya zauna bakin gado. 

"An ƙi ba ni takardun zama. Tun bara lauya ya gaya mini: idan na fita daga ƙasar nan, ba ni ba dawowa. Yarana suna makaranta a Kumasi da gumina. Kullum sai in ce gobe zan faɗa maka, sai ka zo da sabon hoton wani wurin da za mu gani."

"To ka yanke naka mana!" in ji Tamimu. "Me nawa ya yi maka?"

"Nawa kaɗai na sauka in yanke, wallahi. Da na gama sai na ɗaga kai na ga naka a tsaye. Na gan ka can kana tafiya tsakanin duwatsun nan, ni kuma ina nan ina hawa benen mutane da abincinsu."

Rukaya ta juya ga Tamimu. Ta san abin da kama mutum marar takardu ke jawowa, shi ma ya sani.

"Kai ka kira mu. Idan ka tsaya kan ƙararka, zan tafi da shi. Abin da zai biyo baya ba a hannuna yake ba."

Tamimu ya daɗe yana kallon abokinsa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Da ka faɗa mini, da na jira ka."

"Na sani," in ji Latif. "Da ka jira har ka tsufa."

"Na janye, 'yar'uwa. Rubuta cewa na janye."

Latif ya miƙe zai kama hannunsa. Tamimu ya ja da baya, ya buɗe ƙofa.

"Idan mun haɗu a masallaci, zan amsa sallamarka. Kada ka nemi fiye da haka."