Irin Janar a Firjin Zoɓo

Ranar Lahadi da hantsi Cornelius, tsohon malamin dabbobi, ya faɗo ofishin 'yan sanda na Azare da kayan coci a jikinsa.

"Yallaɓai, an sace min irin karena!"

Sufeto Talha ya binciki satar shanu har da ta injin markaɗe, amma wannan bai taɓa jin irinta ba. Ya haɗiye dariyarsa ya bi shi gida.

Karen, wai shi Janar, yana kwance da ɗinki a ƙasansa. Sati uku Cornelius ya yi yana shirya shi: ƙwai da hanta kullum, jiƙaƙƙen buhu saboda zafi, ba shi ba kusantar karya. Ranar Alhamis likita ya zo daga Jos, aka kawo karyar abokinsa Justin don ta motsa shi kawai, aka ɗebi maniyyin, aka daskarar a tsinkayen roba shida cikin tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi. Yanzu ga tulun nan, ko tsinke ɗaya babu a ciki.

"Sai a sake ɗiba mana," in ji Sufeto.

"Da me? Ƙari gare shi, washegari aka fiɗiye shi. Shidan nan su ne zuriyarsa kaf."

Sufeto ya lura da safar hannu mai kauri rataye a ƙusa.

"In aka tsoma hannu ba ita fa?"

"Sanyin ƙuna yake yi kamar wuta."

Roseline, matar gidan, ta ce ita kam tana son Janar sosai. Ƙarya ce tsagwaronta, domin harara take aika masa tana magana.

"To, na tsane shi!" ta fashe. "Sati uku ban ga ƙwai a kwanona ba."

Sufeto ya dubi yatsunta, lafiya ƙalau.

"Ba a fasa ƙofa ba. Wa ya san inda kuke ajiye makulli?"

"Justin. Yau ma tun kafin huɗuba ya fice daga coci," in ji Cornelius.

Da suka isa gidansa, Justin ya tarbe su da fara'a, hannun dama a aljihu. Sufeto ya miƙa masa hannu, dole ya fito da shi. Yatsu uku sun yi bororo.

"Salansar mashin ce, Yallaɓai."

"Salansa ƙafa take ci, Malam Justin. Ina firjin gidan nan?"

Tun safe babu wutar lantarki. Can ƙarƙashin ƙullin zoɓon da matarsa ke sayarwa, ga tsinkayen suna iyo a jan ruwa. Cornelius ya taɓa ɗaya, ya ji shi ɗumi, ya zauna a ƙasa.

"Na zaci sanyi duk sanyi ne," in ji Justin. "Shekara goma, daga Chinade har Yana, ba a zance sai na karen Cornelius. Ni ma kiwon nake yi! Karyata ta isa a nuna wa Janar ya yi marmari, amma ba ta isa ta haifa masa ba. So na yi in samu 'ya'yansa, in ce na karena ne."

Sufeto ya ɗaga tsinke ɗaya zuwa haske, ya ga ƙaramin rubutu a jikinsa.

"Wacece Sarauniya?"

Justin ya daskare. "Karyata ce."

"Biyu na ware mata," Cornelius ya faɗa ba tare da ya ɗago ba. "Jira nake lokacinta ya sake zagayowa in kawo maka har gida."

Tausayinsu duka biyun ya kama Sufeto Talha, amma aiki aiki ne. Da ya zo saka ankwa, sai ya yi a hankali saboda yatsun.