Ango Aka Kai Yasore

Armaya'u ya fara ganin Sadiqa ne ranar da ya kai wa mahaifinta, Malam Sada, buhun gero a Yasore. Daga cikin zaure ta miƙo masa ruwa. Rana tsaka, amma hannunta da safa. Ya sha, ya ɗaga ido. Fuska mai ɗigo-ɗigon baƙi, da murmushi. Ya koma Babban Duhu a babur bai san yadda ya isa ba.

Sadiqa ba ta shiga rana. Likita a Katsina ya ce a jikin kowa akwai wani ɗan abu mai gyara ɓarnar da rana ke yi wa fata. Nata ba ya aiki. In rana ta taɓa ta sai ƙuna, sai gyambo, ƙarshe ciwon daji.

Shekarun kuma 'yan bindiga sun riƙe hanya. Bayan la'asar ba mai fita. Da azahar yake zuwa zance, ita ta ratso tsakar gida a guje, lulluɓe da bargo.

"Har kin yi haki, sanyin idona."

"Kai ka ja mani. Saurayin kirki da yamma yake zuwa."

Sai hanya ta rufe wata uku. Waya ta rage musu.

"Yau ma ba hanya. Na idar da salla na zauna ina kallon wajen garinku."

"Kada ka fito, Yayana. Na iya jira. Tun ina yarinya kullum jiran faɗuwar rana nake yi."

Da Armaya'u ya kai maganar aure gida, mahaifinsa, Gagare, ya ƙi.

"Matar da ba ta kai abinci gona? 'Ya'yanka fa?"

"Baba, likita ya ce ɗa ba ya gadon ciwon sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. Shi ya sa aka hana ta ɗan kawunta. Ni bare ne."

Da hanya ta buɗe Gagare ya je Yasore da kansa. Sadiqa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, in ka hana ba zan ga laifinka ba." Ya daɗe yana dubanta. Ya dawo ya ce a kai kuɗin gaisuwa.

Aka ɗaura aure, sai kai amarya ya tsaya. Da magariba akwai bindiga. Da rana akwai rana. Mota ba ta bin hanyar, sai babur.

Gagare ya ce, "Ango za a kai."

"Ɗanka a gidan surukai? Gari zai yi da kai!" in ji ƙanensa Mani.

"Su yi. Baki bai taɓa ƙona ni ba."

Da azahar babura goma suka raka Armaya'u, Gagare a gaba. A ƙofar ɗakin amarya Gagare ya tsaya.

"'Yata, ga shi nan, na kawo miki. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku masu albarka."

Daga ciki Sadiqa ta ce, "Amin, Baba."