Ƙafar da Hanifa Ta Ƙi Yi wa Lalle

Ranar kasuwar Dungas Sirajo ya fara ganin Hanifa. Likitoci sun zo daga Damagaram duba fatar zabiyoyi, shi ne infirmiye, wato ma'aikacin jinya, da ke riƙe da na'urar, wani ɗan ƙarfe kamar alƙalami. A ɗora shi a kan tabo, hasken leza ya shiga fata ya dawo, allo ya zana layi, daga layin a gane ko ciwon daji ne ke fakewa.

Hanifa zabiya ce, mai ƙunshi daga Waca. Ta zauna, ta gyara malafarta, Sirajo ya ɗora na'urar a kan wani tabo a kunnenta.

"Malam mai tocila, abin nan ba ya ƙuna?"

"Rana ke ƙona ki. Wannan tambaya kawai yake yi."

"To, me kunnena ya ce masa?"

"Ya ce lafiya lau. Ya kuma ce in karɓi lambarki saboda randebu, in sanar da ke ranar dawowa."

"Ƙarya kake wa ƙarfe," ta ce. Amma ta ba shi.

Kafin a yanke gero, kullum wayarta ta portabul sai ta yi ƙara da saƙonsa: "Farin Watana, kin shafa man rana? Kin sa malafa?"

Da maganar aure ta isa garinsu Guci, mahaifiyarsa Dije ta kafe.

"Zabiya, Sirajo? Waɗanda ba sa mutuwa, sai dai su ɓace? Ga Amira 'yar kawunka a zaune!"

An daɗe ana faɗin haka a kan zabiyoyi. Ba a dai samu wanda ya bi sawu ya ga a gadon asibiti suke ɓacewa ba, bayan rana ta cinye fatarsu.

Ana haka aka yi biki a Waca, Dije da Amira suka je. Mata sun yi layi gaban Hanifa, don zanenta babu na biyu. Dije ta miƙa ƙafa, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

Hanifa ta juya diddigen hagu. Wani baƙin tabo ne, bakinsa a karkace, tsakiyarsa ta ɗan tasa. Wadda ke duba jikinta da madubi kowace Juma'a ta san tabon da ba a wasa da shi.

"Inna, tun yaushe wannan?"

"Ƙayar bara ce. Wanzami ya yi masa sakiya sau biyu. Rufe min shi da lalle."

Hanifa ta tuna Sirajo ya taɓa cewa lalle na rikita hasken na'ura har makonni. Ta san kuma abin da ƙin zai jawo mata. Ta ture kwanon.

"Ki yi haƙuri, Inna, ba zan sa ba. Ki bari a duba shi tukuna."



"Ramuwa ce," in ji Amira. "Don an ƙi ta."

Dije ta ja takalminta ta fita.

Kafin la'asar saƙon Sirajo ya shigo: "Hanifa, uwata kika kunyata a gaban mata? Ban zaci haka daga gare ki ba."

Hanifa, ba Farin Wata ba. Nan ne ya yi mata zafi. Ta share ido ta rubuta: "Mai tocila, yi fushinka. Amma gobe ka zo da ƙarfenka. Diddigen hagu. Kada kowa ya sa mata lalle kafin ka iso."

Washegari da hantsi Sirajo ya dira Guci a kan babur ɗin kabu-kabu.

"Baƙa wuluk kamar ni, ina ruwana da ciwon farare?" in ji Dije.

"Inna, in babu komai, da kaina zan bar maganar yarinyar."

Jin haka ta miƙa ƙafar da sauri. Haske ya shiga ya dawo. Layin ya hau inda bai kamata ya hau ba.

A Damagaram aka yanki ɗan nama aka yi analiz a ɗakin gwaji. Ciwon dajin ne, amma bai yi nisa ba, aka cire shi. Likita ta ce da an ci gaba da rufe shi, da ƙafar ce mafi ƙanƙantar asara.

Daga bakin ɗakin jinya ya rubuta: "Farin Watana, na yi kuskure. Ki yafe wa mai tocilar da bai gani ba."

"Sai na yi shawara da kunnena," ta amsa.

Bayan ƙaramar Sallah aka sa ranar aure. Ranar sa lalle, Dije ta shigo tana dogara sanda, ta karɓi kwano daga hannun ƙawaye, abin da uwar ango ba ta saba yi ba.

"Miƙo ƙafar, 'yata."

Ta juya diddige, ta buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙura ido, mata na dariya. Sai da ta gamsu ta ɗebo lallen.

"Na sa an yi miki rumfa tun daga ƙofar ɗaki har madafa," ta ce. "A gidana ba za ki ɓace ba. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu albarka."

Mata suka ce amin, guɗa ta tashi.