Ragowar Burodin Gwaggo Talatu

Yammacin wata Litinin ce, kwana goma sha ɗaya da rasuwar Gwaggo Talatu, kuma babu abin da ya raba ta da sauran yammaci a wannan ƙauye na bayan Kura. Masu dashen shinkafa suna dawowa da laka har gwiwa, kwaɗi sun fara kuka a bakin kanal, injin casa na bakin titi ya yi shiru tun la'asar saboda an ɗauke wuta. Muhsina tana tsugune a tsakar gida tana kwashe tuwo. 'Yarta Aziza, mai shekara takwas, tana alwala a bakin rariya, mijinta Hambali kuma ya riga ya fita masallaci.

Ladan yana tsakiyar kiran salla sai maikirowef ɗin da ke ɗakin girki ya yi ƙara sau uku, irin ƙarar da yake yi idan ya gama ɗumama abu.

Muhsina ta tsaya da mara a hannu. Ta san babu wuta, ta kuma san da hannunta ta zare wayarsa daga bango ranar da aka fita da gawa. Ta miƙe a hankali ta leƙa. Na'urar tana nan a kan benci, a rufe, cikinta duhu. Amma ɗakin ya cika da ƙanshi, ƙanshin burodi mai ɗumi da ƙwai da madara, wanda babu mai saninsa a gidan kamar ita.

Hambali ne ya sayo mata na'urar bara, bayan ya sayar da shinkafarsa. Ya ɗauro ta a bayan babur tun daga Kano, ya lulluɓe ta da rigarsa don kada ƙura ta shiga, ya sauke yana murmushi yana satar kallon fuskarta. Layinsu ɗaya da injin casa, don haka sukan sami wuta daga asuba zuwa hantsi. Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi tun yana goye bayan uwarsa ta rasu, ta zagaya na'urar ta shafa ta, ta raɗa mata suna murhun marasa haƙuri.

Kullum da yamma Hambali yakan sayo burodi ɗaya a tashar Kura, a sha shayi da shi bayan tuwo. Abin da ya rage na Gwaggo ne. Ba ta da haƙori, ga olsa da ta hana ta koko da duk wani abu mai tsami, sai dai ta jiƙa burodin a ruwan zafi da safe, ta ci, sannan ta sha magani. Kowa a gidan ya san haka ba tare da an taɓa faɗa ba.

Sai Muhsina ta ga wani girki a waya. A yayyaga burodin jiya a kofin tangaran, a fasa ƙwai ɗaya, a zuba madarar gari cokali biyu da sukari da ɗan ruwa, a motsa, a saka minti biyu. Yakan kumburo har bakin kofin, laushi kamar auduga. Ran da ta fara gwadawa Hambali ya tafi ba gonarsa ruwa, Aziza tana barci, gidan shiru. Ta turo ƙofar ɗakin girki ta zauna a kan turmi ta cinye. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa dafa abin da bakinta kaɗai zai ci ba. Wannan minti goman ya zama nata, ba na miji ba, ba na 'ya ba, ba na tsohuwa ba. Washegari ta sake.

Takan bar wa Gwaggo ɗan ƙarshen burodin, abin da bai fi tafin hannun jariri ba, ta kai mata da ruwan zafi.

"Jiya an ci da yawa, Gwaggo. Wannan ne ya rage."

"To, 'yar nan. Allah ya amfana."

Wata huɗu ana haka. Gwaggo ta rame, aka ce tsufa ne. Da ta rasu aka ce kwana ne ya ƙare, kuma Muhsina ta fi kowa kuka, mata suna yabon irin riƙon da ta yi wa tsohuwar.

Daga ranar da na'urar ta yi ƙara, magariba ta daina zuwa gidan da daɗi. Da zarar rana ta yi ja sai a fara jifa a kan kwanon ɗakin girki, ɗaya, a yi shiru, sannan wani. Hambali ya ɗauka duwatsu ne, ya zagaya bayan katanga bai ga kowa ba. Da ya tsinci abin da ya gangaro sai ya ga gutsattsarin burodi ne, busassu ƙayau, wasu sun yi kore da funfuna. Ya juya ɗaya a hannunsa ya dubi matarsa.

"Ke kin gane wannan?"

"Ina zan gane, Abban Aziza," in ji ta, idonta a kan wuta.

A kwana na uku abin ya sauka a kan yarinyar. Aka ba ta tuwo, ta raba shi biyu daidai, ta tura rabi gefe kamar mai miƙa wa wani, ta zauna tana kallon nata rabin ba ta ci ba. Da safe ma haka. Ruwan zafi kaɗai take karɓa, ta riƙe kofin da hannu biyu tana kurɓa a hankali, kafaɗunta a sunkuye irin na tsofaffi. Muhsina ta matsa mata, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Yarinyar ta ɗago kai ta ce, da wata murya mai kauri wadda ba tata ba, "Allah ya amfana."

Muhsina ta koma ɗaki ta toshe bakinta da gefen mayafi.

An kai Aziza asibiti a Kura, aka ƙara mata ruwa, aka auna jini ba a ga komai ba. Suka dawo. Kwana shida ba loma ɗaya, wuyanta ya yi siriri, idanunta suka faɗa. Sau da yawa Muhsina takan buɗe baki za ta yi wa mijinta magana, sai ta tuna yadda yake zama a ƙofar ɗakin Gwaggo bayan sallar isha yana share ido a ɓoye, ta tuna kallon da ya yi mata ran da ya sauke na'urar daga babur. Ta san idan ta faɗa ba za ta sake ganin wannan kallon ba. Sai ta rufe bakin.

Ranar Laraba bayan la'asar Hambali ya ɗauko Malam Yusha'u daga Bunkure, wani dattijo gajere mai sanyin magana, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Gwaggo, aka lulluɓe yarinyar da zane, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ya fara karatu bai ɗaga murya ba. An daɗe babu abin da ke motsi sai kaji. Can jikin Aziza ya yi nauyi a hannun Muhsina, nauyin da ya fi ƙarfin yarinyar da ta kwana shida ba ci.

"Ya isa haka, ɗan mai albasa," muryar ta ce daga ƙarƙashin zanen. "Na san ka tun kana bin ubanka kasuwa ba wando."

"To kin san ni. Ni ban san ki ba. Wace ce ke?"

"Marwa. Ƙawar Talatu."

"Me ya haɗa ki da ita?"

"Wata tsamiya ce gidana, can inda kanal ya bi yanzu. Da masu haƙa suka zo suka tuge ta, na rasa wurin zama. Talatu tana sabuwar amarya, ta fito daga gidan da suka san irinmu. Ta ce in zo, abin da ta samu da safe mu raba. Shekara hamsin ba ta taɓa karya kumallo ba tare da ta ajiye min nawa ba."

"Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, Allah ya yafe mata. Yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. So nake uwarta ta ga yadda mutum yake ƙarewa a kan ruwan zafi."

Hambali ya ɗago kai.

"Wata huɗu uwar nan tata tana kai wa Talatu ɗan guntun da ba ya rabuwa," muryar ta ci gaba. "Sauran tana dafawa a kofi, ta rufe ƙofa ta ci. Talatu ba ta karya alkawari. Sai ta ajiye min guntun duka, ta sha maganinta a kan ruwa. Na ce ta ci, ta ƙi. Na ce ta gaya wa ɗanta, ta ce ba za ta shiga tsakanin yaro da matarsa a kan burodi ba. Ƙanshin yana shigo mana har ɗaki."

Muhsina ba ta san da wannan ba. Duk wata huɗun nan da guntun take lallashin zuciyarta, tana cewa ai ta bar mata wani abu.

Malam Yusha'u ya dakatar da muryar da hannu, ya juyo ga Hambali. "Kada ka riƙe maganarta tukuna. Irinsu sukan yi ƙarya don su raba gida, na sha gani." Sannan ya dubi Muhsina. "'Yata, idan ƙazafi ne ki ce ƙazafi ne. Maganarki za mu ɗauka, ba tata ba. Zan ci gaba da karatu har ta fita, ko da zai kai mu kwanaki."

Hanya ce a buɗe, kuma Muhsina ta gan ta. Kalma ɗaya za ta faɗa, mijinta ya yarda, malam ya yarda, gari ya yarda. Amma ƙasusuwan bayan yarinyar suna taɓa ƙirjinta ɗaya bayan ɗaya, kuma ta san babu wasu kwanaki da suka rage a wannan jikin.

"Gaskiya ta faɗa, Malam," ta ce. Muryarta ta fito ƙasa ƙasa, sai ta sake faɗa yadda mijinta zai ji. "Ni na ci. Kullum. Na ce mata an cinye."

Hambali yana kallon ƙasa.

"Kin ji abin da kika zo ji," in ji malam. "Saki yarinyar."

"A ci gaba da ajiye min rabona a bayan rumbu, sai in sake ta."

"Ba za a ajiye ba. Wannan ya tafi da mai shi. Abin da za a fitar daga gidan nan sadaka ce ga masu jin yunwa, ladan ya je wa Talatu. Idan ƙawarki ce da gaske, wannan ya fi miki."

Aka fara jin kukan kwaɗi daga nesa. Da muryar ta dawo, kaurinta ya ragu.

"Zai isa gare ta?"

"Da yardar Allah."

"To a buɗe min ɗakinta in shiga sau ɗaya. Tun da aka fita da ita aka kulle, ban yi mata sallama ba."

Malam ya yi wa Hambali alama. Ya tashi ya cire kwaɗon, ya tura ƙofar. Malam ya sa Marwa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba ga yarinyar ba, ba ga kowa na gidan ba, ta yi. Aziza ta yi atishawa sau ɗaya mai ƙarfi, jikinta ya saki. Labulen ɗakin Gwaggo ya lotsa ciki kamar an bi ta jikinsa, ya jima a haka, sannan ya dawo ya tsaya.

"Umma," yarinyar ta ce da muryarta, "yunwa nake ji."

Muhsina ta dama mata kunun gyaɗa, ta ba ta cokali cokali har ta yi barci. Hambali ya mayar da malam, ya dawo ana fitowa daga sallar magariba, bai shiga ɗakinsu ba. Ya zauna a kan tabarmar da aka yi karatun. Muhsina ta zo ta durƙusa a ƙasa, nesa da shi kaɗan.

"Abban Aziza, idan ka ce in tafi gidanmu, zan tafi. Ba ni da bakin ba ka haƙuri."



"Ni na karɓe ta a cikin kabari," ya ce daga baya. "Na shirya ƙarfina duka, da aka miƙo ta sai na ji kamar damin kara. A nan na san akwai abin da ban gani ba." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Kullum da asuba ta nan nake wucewa. In ce Gwaggo ina kwana daga waje, ta ce lafiya lau, in tayar da babur. Wata huɗu ban ɗaga labulen nan na ga abin da ke cikin kwanonta ba. Matar da ta tauna abinci ta sa min a baki."

Muhsina ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan gwiwarta.

"Ban ce na yafe ba," in ji shi. "Ban san ko ni ke da ikon yafewar ba ma." Bai dube ta ba, amma ya ɗan matsa gefe, ya bar wuri a kan tabarmar. "Tashi daga nan. Ƙasar da sanyi."