Sunan Mamaci a Bayan Riga

Ranar wata Talata da hantsi, Adawiyya ta shiga gidan maƙwabtansu a Zongon Kwatano, igiyar awo rataye a wuyanta, sabon wando a naɗe a hannunta. Ita ke yi wa Sirajuddeen ɗinki tun tana koyo, domin duk faɗin kasuwar Dantokpa babu rumfar da ke da wandon da zai kai masa idon sawu. Tsawonsa mita biyu da santimita huɗu ne, ba ƙari ba ragi. Shi ne lamba biyar a kulob ɗin ƙwallon kwando na unguwa, wato pivo, mai tsayawa ƙarƙashin raga yana tare ƙwallo, yana cafke wadda ta kuskure shiga. An kai masa gaisuwar neman aure gidan su Adawiyya tun ƙaramar Sallah, saura a sa rana.

"Yaya Siraj, sunkuyo mana! An ce maka da tsani nake yawo?"

"Ke ce kika ƙi girma. Shekara uku ina jira kanki ya kawo mini aljihu."

"Sannu, turken lantarki!"

Goggo Zuwaira, mahaifiyarsa, tana gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma bisa al'adar iyayenta ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai" take ce masa, in yana nesa ta ce "wancan". Wanda take kira da baki cike, ta zaunar da shi a gefenta, shi ne ƙanensa Muntasir. Shi kuwa shekara huɗu ke nan da kwalekwale ya kife da shi a ruwan Avotrou, yana ɗan shekara goma sha uku. An tsamo shi da azahar, aka rufe shi kafin la'asar, kuma babu wanda ya tuna ya je meri, ofishin magajin gari, ya sanar da mutuwar.

Suna cikin haka aka yi sallama. Baffa Arzika ne, ƙanin mahaifin Siraj, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar yayansa. A bayansa wani mutum ne mai kwat da turare, Musyu Nouhou, dillalin 'yan wasa. Kallon da ya yi wa Siraj daga sama har ƙasa irin wanda ake yi wa sa ne a kara.

"Akwai makarantar ƙwallo a Turai da ke neman dogaye," in ji shi. "Amma 'yan ƙasa da sha takwas suke ɗauka. Da ashirin da ɗaya, wannan tsoho ne. Da sha bakwai kuwa — zinariya!"

Baffa Arzika ya buɗe wani gwangwanin biskit da ake ajiye takardun gidan, ya zaro ɗaya da ta fara yin ja.

Siraj ya duba, muryarsa ta sauka. "Baffa, wannan ai takardar haihuwar Muntasir ce."

"Na iya karatu. A littafin gwamnati yaron nan yana raye, bana shekararsa sha bakwai cif. Ubanku ɗaya, uwarku ɗaya. Wa aka cuta?"

"Baffa, mamaci ne fa..."

"Rufe mini baki! Ni na ci da ku na sha da ku, yau za ka koya mini tsoron Allah?"

Musyu Nouhou ya fito da wata jar riga mara hannu, ya miƙa wa Adawiyya. "Madmazel tela, ki ɗinka mana sunan a baya. MOUNTASSIR, manyan baƙaƙe. Kuma daga yau kowa a gidan nan da haka zai kira shi, wata uku, har kunnensa ya saba. Kada a kira shi a ofishin jakada ya tsaya yana waige-waige."

Adawiyya ta ajiye rigar a kan tabarma.

"Ku yi haƙuri, Baffa. Allurata ba za ta shiga wannan ba."

A lokacin ne Goggo Zuwaira ta ɗaga kai daga faifan shinkafa. Ta daɗe tana kallon dogon ɗanta, kallon da ba ta taɓa yi masa ba. Sannan ta ce a hankali, kamar mai ɗanɗana miya:

"Muntasir."

Wata iska ta kaɗa labulen ɗakin marigayi, ɗakin da aka rufe shekara huɗu.

Wani tela a unguwar Akpakpa ya ɗinka sunan. Baffa Arzika kuwa bai tsaya nan ba, ya taka har gidan su Adawiyya ya shaida wa mahaifiyarta cewa 'yarta na neman toshe wa yaro arziki. Ranar Adawiyya ta sha faɗan da ba ta taɓa sha ba.

"Ke wace ce da za ki musa wa surukinki tun ba a kai ki ba? Turai za a kai shi, ke kuma ki bi shi! Suna ai ba ya ciwo!"

"Mama, in liman ya tambayi sunan ango, me za a ce masa?"

"Abin da aka ce wa kowa!"

Ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Matan layi suka fara nuna ta da baki in ta wuce.

Amma abin da ya fi tayar mata da hankali yana gidan Goggo. Bayan mako biyu ta leƙa da rana tsaka, ta tarar an buɗe ɗakin marigayi an share. Siraj na zaune a ƙasa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa, yana cin tuwo a ƙaramin kwanon sha mai fure, wanda kowa a gidan ya san na wane ne. Goggo na shafa masa kai.

"Adawiyya, shigo ki gan shi," in ji Goggo tana murmushi. "Kin ga yadda ruwa ya miƙar mini da shi? Dā ai bai kai haka ba."

"Goggo... Yaya Siraj ne fa."

Fuskar tsohuwar ta yi sanyi. "Wancan ai ya tafi, 'yar nan. Allah Ya jiƙansa, yaro ne mai haƙuri."

Siraj bai ɗago ba, ya ci gaba da cin tuwonsa.

A filin wasa ma haka. Musyu Nouhou ya cusa shi cikin 'yan ƙasa da sha takwas don a ɗauki bidiyon da za a aika Turai. Adawiyya ta je kallo sau ɗaya. Ƙato mai ashirin da ɗaya a tsakiyar yara, yana ture su da kafaɗa kamar buhunan auduga, jama'a na ihu, "Mun-ta-sir! Mun-ta-sir!" Ita kuwa sai ta ga kamar ana kiran wani ne daga ƙarƙashin ƙasa, kuma yana ƙoƙarin amsawa. Koci Mahamoud, tsohon da ya fara ba Siraj ƙwallo, yana tsaye a bakin fili yana kaɗa kai.

"Dogon ɗan wasa ba ya nuna da wuri," ya ce mata. "Ƙafa sai ta koyi juyi, baya sai ya koyi tokare ƙarti irinsa. Sai wajen ashirin da biyar ake sanin ko wane ne. Me zai koya a cikin jarirai? Ɓata mini yaro kawai suke yi."

Saura kwana goma a je neman biza, aka nemi Siraj aka rasa. Adawiyya ta tsayar da zemijan, wato ɗan acaɓa, ta ce a kai ta Avotrou. Ta same shi zaune a bakin ruwa da tsakar rana, daidai inda aka shimfiɗe gawar ƙanensa. Ruwan ya kwanta lumui, ko kifi ba ya motsi, ga wani tsohon kwalekwale a kife cikin ciyawa.

"Yaya Siraj!"

Shiru.

"Yaya Siraj! Sirajuddeen!"

Ko gezau. Ta san sunan da in ta kira zai juyo, amma ta rantse a ranta ba za ta kira ba. Ta zagaya ta tsaya a gabansa har inuwarta ta faɗa masa a fuska, sannan ya yi firgigit.

"Sau uku na kira ka."

"Ban ji ba, wallahi." Ya share ido da bayan hannu. "Adawiyya, ba Turai ce ta riƙe ni ba. Shekara ashirin da ɗaya Goggo ba ta taɓa kallon idona ba. Na san kunya ce, na san tana sona, amma yanzu tana kirana, tana shafa mini kai. Ki bar ni in ɗan ji daɗinsa."

Hawaye ya zubo mata. "Ba kai take shafawa ba."

"Na sani."

"To ka ji nawa. Zan jira ka shekara biyar, ko goma, ko kana dako a Dantokpa. Amma ba zan auri wanda aka yi wa salla aka rufe ba. 'Ya'yana ba za su amsa sunan kabari ba."

Ta juya ta tafi, ba ta waiga ba.

Washegari da safe tana buɗe shago sai ta ga wani mai tura kura ya wuce da wando a jikinsa, an naɗe ƙafar sau uku. Ta gane ɗinkinta. Can gaba ga wani mabaraci da riga har gwiwa. Ta ruga gidan Goggo, ta tarar da Siraj tsaye a ƙofar ɗakinsa, akwatinsa a buɗe, wayam. Goggo na soya ƙosan sadaka.

"Kayan wancan ne na rabar," in ji ta. "Ba a barin kayan mamaci a gida, nauyi suke yi masa."

Siraj ya dubi akwatin, ya dubi Adawiyya. Ya cire jar rigar daga jikinsa, ya ninke ta, ya ajiye a gaban Baffa Arzika da ya shigo cin ƙosai.

"Baffa, ka yafe mini. Gobe zan je kotu in sanar da mutuwar ƙanena."

Baffa ya yi tsalle ya dire, ya kira shi butulu, ya kira Adawiyya annoba. Siraj ya sunkuyar da kai har aka gama, amma bai ɗauki rigar ba.

Da yake shekaru sun wuce, sai da aka nemi shaidar uwa. Aka zaunar da Goggo Zuwaira a gaban alƙali, wata mace mai farin gilashi, Adawiyya na riƙe da hannunta.

"Mama, 'ya'ya maza nawa kika haifa?"

"Biyu."

"Wanne ne ya rasu a ruwa?"

Goggo ta buɗe baki ta rufe.

"To wannan da ke tsaye, ki faɗi sunansa. Da bakinki nake so in ji."

Siraj ya durƙusa a gabanta har fuskarsu ta daidaita. Ta daɗe tana kallonsa. Ta kai hannu ta taɓa tabon da ke goshinsa, na dukan ƙofa, tun yana ɗan sha huɗu.

"Muntasir ba shi da tabo," ta ce. "Ni na ga an naɗe shi. Wannan... wannan Sirajuddeen ne. Ɗana na fari ne. Sirajuddeen!"

Ta fashe da kukan da ta riƙe shekara huɗu. Shi ma ya kifa kai a cinyarta yana yi, Adawiyya na taya su.

Hukumar wasan ta dakatar da Siraj shekara biyu cur saboda buga wasa da lasisin ƙarya mai sunan ƙanensa. Musyu Nouhou ya kashe waya ya ɓace. Siraj ya koma dakon dilolin atamfa a Dantokpa, kullum kuma bayan sallar asuba yana fili da Koci Mahamoud. Tsohon ya gaya masa gaskiya: da tsawon nan nasa, a waje ba zai yi lamba biyar ba, akwai waɗanda suka fi shi da taƙi guda. Ya mayar da shi lamba huɗu, ya koya masa jifa daga nesa, ɗari uku kowace safiya, da juya ƙafa ba tare da ya yi tafiya da ƙwallo ba. Adawiyya ta jira. Manema uku suka zo, ta sallame su da ladabi, mahaifiyarta ta yi fushi har ta gaji ta sauko. Yana da ashirin da huɗu wani kulob a Arewacin Afirka ya ɗauke shi, da shekarunsa na gaskiya. Kafin ya tashi aka ɗaura aure a masallacin unguwa, Baffa Arzika da kansa ya karɓa masa, yana share hawaye da bakin babbar riga.

Haƙuri da gaskiya sun biya waɗannan biyun, kuma 'yan mata su lura: wadda ke son mutum da gaske ba ta taya shi ya ɓatar da kansa, ko da duk dangi sun taru a kanta. Iyaye kuma su ji tsoron Allah, takardar mamaci amana ce, ba jari ba. Amma magana ba ta ƙare a nan ba. Yaron da ya fito ya faɗi gaskiya shi aka hukunta, shekara biyu, kwana ɗari bakwai da talatin daga ƙuruciyarsa. Wanda ya kawo shawarar, ya kawo rigar, ya kusa haukata tsohuwa, ko tambaya ba a yi masa ba. An ce an gan shi kwanan baya a Akpakpa da sabuwar kwat, yana auna wani yaro da ido, yana tambayar ko gidansu an taɓa yin rashi. A nemo shi. A tsayar da shi inda aka tsayar da Goggo Zuwaira, a sa shi ya faɗi sunayen matattun da ya tura Turai, ɗaya bayan ɗaya.